Targaɗen idon sawu: bandeji, matallafi, takalmin asibiti ko siminti?

Matakala ɗaya ta rage ka sauka daga bene, hankalinka na kan waya, ka ɗauka ka riga ka iso ƙasa. Ƙafar ta dira a kan gefenta na waje, tafin ya juya ciki, ka ji wani abu ya ce ƙas. Kafin ka lallaɓa ka zauna ka cire takalmi, gefen idon sawun ya fara tasowa kamar an cusa 'yar ƙwallo a ƙarƙashin fata. Daga nan sai shawarwari su yi ta zuwa. Wannan ya ce a naɗe da bandeji, wancan ya ce a gasa da ruwan zafi, wani ya ce kada ka kuskura ka taka ta sai bayan wata guda, wani kuma ya ce ai takawar ce maganinta.

Abubuwan da ake ɗaure irin wannan ƙafar da su ba su wuce biyar ba: bandeji mai talewa, filastar 'yan wasa, matallafi mai tauri a gefe biyu, babban takalmin nan na asibiti, sai kuma siminti. Kowanne da aikinsa, kuma wanda hannu ya fi saurin kai wa gare shi, wato bandeji, shi ne mafi rauni a cikinsu. Amma kafin a kai ga zaɓe akwai tambayar da ta riga su duka, domin idan ƙashi ne ya karye, zaɓin ya fita daga hannunka.

Targaɗe ne ko karaya?

Ƙululun nan biyu da muke kira idon sawu ƙarshen ƙasusuwa biyu ne. Babban ƙashin ƙwauri ya sauko ta ciki, siririn da ke gefensa ya sauko ta waje, wani ƙashi na uku kuma ya shige tsakaninsu, a kansa ƙafa ke lanƙwasawa sama da ƙasa. Abin da ya riƙe su kada su rabu wasu jijiyoyi ne masu tauri da ke ɗaure ƙashi da ƙashi, kuma su nake nufi duk inda na ce jijiya a nan, ba ta jini ba. Ta gefen ciki faffaɗa ce mai ƙarfi. Na gefen waje guda 3 ne sirara, ta gaban cikinsu kuma ita ce ta fi saurin yagewa. Shi ya sa wajen kashi 85 cikin 100 na targaɗen idon sawu a gefen waje yake faruwa, lokacin da tafin ƙafa ya juya ciki.

Girman kumburi ba ya raba gardama. Jijiya na iya tsinkewa ƙafa ta yi suntum, jini ya kwanta har yatsu, alhali ƙashi lafiyarsa ƙalau. Ƙashi kuma na iya tsagewa kumburin bai taka kara ya karya ba. Ƙarar da ka ji ma ba shaida ba ce, jijiya ma na ƙara in ta tsinke. A shekarar 1992 wasu likitocin sashen gaggawa a birnin Otawa na ƙasar Kanada, ƙarƙashin jagorancin Ian Stiell, suka fitar da 'yan ƙa'idoji na gane wanda ke buƙatar hoton ƙashi. Dalilinsu shi ne ana ɗaukar hoton kusan duk wanda ya zo da gurɗaɗɗiyar ƙafa, amma waɗanda ake samu da karaya ba su kai kashi 15 cikin 100 ba. Har yau da waɗannan ƙa'idojin ake aiki a asibitoci da yawa na duniya, kuma kana iya gwada su kana zaune.

Ɗora yatsa a bayan ƙululun waje, a kan ƙashin kansa, ka bi gefensa na baya kana dannawa daga tsininsa zuwa sama, kamar santimita 6. Yi haka nan a ƙululun ciki. Sannan ka shafa gefen ƙafa na waje daga ƙaramin yatsa ka nufi diddige. Wajen tsakiya za ka ci karo da wani ɗan tudun ƙashi, danna shi. Akwai wani tudun a gefen ciki, gaba da idon sawu kaɗan, a saman lanƙwasar tafin ƙafa, shi ma danna shi. Idan ɗaya daga cikin wuraren nan 4 ya sa ka zabura, hoto ya kama ka. Haka nan idan ka kasa yin taku 4 a kan ƙafar, tun lokacin da abin ya faru har zuwa yanzu. Ɗingishi ba ya hana a ƙirga taku, muddin ƙafar ta ɗauki nauyinka. Idan kuwa ka tsallake duka, da wuya ƙwarai a ce akwai karaya. Zafin da ke gaba da ƙululun waje, ƙasa kaɗan, a wuri mai laushi, na jijiyar nan ta gaba ne, shi ne zafin targaɗe da aka saba gani.

Gwajin na da iyaka. Wanda ciwon suga ya kashe wa jin ƙafa zai iya yawo a kan karyayyen ƙashi bai sani ba, haka wanda ke cikin maye. Ƙaramin yaro da tsoho mai raunin ƙashi, a kai su a duba kawai. Akwai kuma abubuwan da ba sa jiran wani gwaji: ƙafar da ta karkace ta sauya kama, ƙashin da ya huda fata, yatsun da suka yi sanyi ko suka koɗe ko suka daina ji. Waɗannan asibiti ne nan take, kuma kada a bari kowa ya ja ƙafar ko ya murɗa ta da sunan mayar da ita.

To, an tabbatar targaɗe ne. Likitoci kan raba shi mataki 3. A na farko jijiyar ta miƙe ne fiye da kima: ɗan kumburi, kana takawa, mako 1 zuwa 3 ka warware. A na biyu wani ɓangarenta ya yage, ga kumburi ga kwanciyar jini, tafiya sai da ɗingishi, mako 3 zuwa 6. A na uku ta tsinke ɗungurungum, ɗora nauyi ya gagara, maganar watanni ake. Ranar farko ba a cika gane matakin ba domin zafi ba ya bari a taɓa. Dubawar da aka yi bayan kwana 4 ko 5 ta fi nuna gaskiya, saboda haka abin da ka ɗaura ranar farko kana iya sauya shi daga baya.

Bandeji da filasta

Aikin bandeji ya matse nama domin rage taruwar ruwa, ya kuma riƙa tuna maka cewa ƙafar nan ba ta da lafiya. Hana ƙafa sake juyawa kuwa, wannan ya fi ƙarfinsa. Gwada a lafiyayyar ƙafarka: naɗe ta tsaf, sannan ka juya tafin ciki. Za ka ga ya tafi abinsa kamar ba a naɗa komai ba. Abin da aka saƙa domin ya tale ba zai tare gaɓar da ke ɗauke da nauyin mutum ba. Ga ƙaramin targaɗe, wanda jijiyar ke nan da ƙarfinta, bandeji ya wadatar na 'yan kwanaki. A fara naɗi daga tushen yatsu a hau sama, ana giciye shi ta kan ƙafa da bayan idon sawu, ya fi matsewa a ƙasa ya sassauta a sama. In yatsu suka fara yi maka yar-yar ko suka yi sanyi, an matse da yawa. A kwance shi kafin barci.

Filasta mai tauri ba ta talewa. In gwani ya liƙa ta, tana tare juyawar ƙafa sosai, kuma ba ta cika takalmi. Sai dai gumi da motsi na sassauta ta, cikin rabin awa na guje-guje ƙarfinta ya ragu, gobe kuma sai sabuwa. Tana sa ƙaiƙayi, cire ta na tsige gashi, ba a kuma liƙa ta a ƙafar da ke kan kumbura domin ba ta ba da wuri. Kayan filin wasa ce, ta wanda ke da mai liƙa masa kafin kowane wasa. Mai wuni a wurin aiki da ƙafa mai ciwo, ba tasa ba ce. Ita kuwa filastar nan mai launi-launi da ake gani a jikin 'yan wasa, talewa take yi, don haka a wajen riƙe gaɓa ta fi kusa da bandeji.

Matallafi

Nan ne nake ganin yawancin masu targaɗe ya kamata su tsaya, kuma nan ne aka fi tsallakewa. Iri biyu ne. Akwai na yadi mai kauri da ake zarga wa igiya kamar takalmin ƙwallo, galibi da maɗauri biyu masu giciye ta ƙarƙashin ƙafa. Akwai kuma mai ɓawo biyu na roba mai tauri, ɗaya ta ciki ɗaya ta waje, da 'yar katifar iska ko soso a cikinsu, an haɗe su ta ƙarƙashin diddige.

Hikimarsa ita ce ya hana ƙafa juyawa gefe, inda raunin yake, ya bar ta tana lanƙwasawa sama da ƙasa, wanda tafiya ke buƙata. Wannan rabon aikin na da muhimmanci saboda yadda jijiya ke warkewa. Jiki na ɗinke yagar da sabbin zaruruwa, kuma zaruruwan nan suna jeruwa ne bisa yadda ake jan su. In akwai ɗan motsi da ɗan nauyi sai su miƙe su jeru, su yi ƙarfi. In an daskarar da gaɓar na tsawon lokaci sai su cuɗe barkatai, tsokar sharaɓa ta zube, gaɓa ta sandare. Tafiyar kanta ma famfo ce: duk lokacin da sharaɓa ta matse, tana tura ruwan kumburi sama.

Mai ɓawon ya fi dacewa a makon farko da na biyu, domin ana sassauta shi ko a matse gwargwadon kumburi. Mai igiyar ya fi daɗi bayan kumburi ya sauka, kuma shi ya fi shiga takalmi lokacin komawa gudu. Dukansu a kan safa ake sa su, a cikin takalmi mai igiya. Takalmin rabin aikin ne, matallafi a ƙafar da ba takalmi ko a buɗaɗɗen takalmi ba ya riƙo yadda ya kamata. Targaɗen mataki na biyu da mafi yawan na uku, mako 4 zuwa 6 ake so ya yi a ƙafa.

Sai an lura wajen saye. Akwai wata safa ta roba mai laushi da ake zurawa, an yanke mata diddige da yatsu, ana sayar da ita da sunan tallafin idon sawu. Wannan bandeji ce ta sauya riga. Sa abin a ƙafa ka gwada juya tafin ciki. In ba ka ji wani abu ya tokare ba, mayar musu da kayansu. Tsoron da wasu ke yi cewa matallafi zai sa ƙafa ta yi lalaci ba shi da ƙarfi, muddin ana yin atisayen da zan zo kansa.

Siminti da babban takalmi

A da can, babban targaɗe siminti ake zuba masa na makonni, ko a yi tiyata. An bar wannan domin an ga masu motsa ƙafa da wuri sun fi saurin komawa aiki da wasa. Amma gajeren siminti zancensa daban. A 2009 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani bincike da Sarah Lamb ta Jami'ar Warwick ta jagoranta, a kan mutum 584 masu mummunan targaɗe daga sassan gaggawa 8 a Ingila. An raba su gida 4: wasu bandeji mai kama da safa, wasu siminti zuwa ƙasan gwiwa na kwana 10, wasu matallafi mai ɓawo biyu samfurin Aircast, wasu babban takalmin asibiti samfurin Bledsoe. Bayan wata 3, masu siminti sun fi masu bandeji jin daɗin aikin ƙafa da kamar kashi 9 cikin 100, masu matallafi da kamar kashi 8. Takalmin bai nuna wani fifiko a kan bandeji ba. Bayan wata 9 kuwa duka huɗun sun yi kunnen doki.

Abu biyu na ɗauka daga nan. Ƙafar da ba ta takuwa sam tana son a tsayar da ita cak na ɗan lokaci, bandeji kaɗai ya yi mata kaɗan. Sannan tazarar siminti da matallafi ƙarama ce, har ba ta isa a ce dole sai siminti ba. Ga kuma wahalarsa: sandunan dogarawa, wanka da ƙafa a waje, ƙaiƙayin da hannu ba ya kai wa, tuƙi ya haramta. Babbar matsalarsa daskarewar jini a jijiyar jinin ƙafa, wadda rashin motsi ke jawowa. Wanda ya taɓa samun gudan jini, mai juna biyu, da mai shan ƙwayar tazarar haihuwa, su faɗa wa likita kafin a sa. Sabon zafi a sharaɓa, ko sarƙewar numfashi, ko siminti ya fara matsewa har yatsu su sauya launi, ba a kwana da su a gida. In aka zaɓi siminti domin targaɗe, kwana 10 ne iyakarsa, daga nan a koma matallafi.

Takalmin asibiti ana cire shi a yi wanka, ana kuma tafiya a kansa, shi ya sa mutane ke son sa. Yana da nauyi, kuma tafinsa mai kauri na sa ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, bayan mako guda ƙugu da baya su fara ƙorafi. Maganin wannan a sa takalmi mai tudu a ɗaya ƙafar. Ga targaɗen gefen waje da aka saba, a ganina ya yi yawa, kuma saboda daɗin da yake da shi mutane kan zarce a cikinsa har gaɓa ta sandare. Wurinsa na gaskiya ƙaramar karayar da ba ta goce ba, tsinkewar agara, da targaɗen sama. Wannan na ƙarshen a jijiyar da ta haɗe ƙasusuwan ƙwauri biyu yake, zafinsa na sama da idon sawu ta gaba, kuma yakan faru ne in ƙafa ta kafe a ƙasa ta murɗe waje. Warkewarsa kan ɗauki kusan ninki biyu na targaɗen gefe, wani lokaci har sai an ɗaure ƙasusuwan da tiyata, don haka ba abin da mutum zai yi wa kansa magani ba ne.

Ƙanƙara, ruwan zafi da magunguna

A 1978 wani likitan wasanni a Amurka, Gabe Mirkin, ya yaɗa tsarin abubuwa 4: hutu, ƙanƙara, matsewa, ɗaga ƙafa. Duniya ta rungume shi. A 2014 shi da kansa ya dawo ya ce ƙanƙara da cikakken hutu na iya jinkirta warkewa, domin kumburin farko wani ɓangare ne na gyaran da jiki ke yi. Abin da ya rage wa ƙanƙara shi ne kashe raɗaɗi, kuma tana yi. A naɗe ta a tawul, minti 10 zuwa 15, a huta awa 2 ko 3 kafin a sake, a kwana biyu ko ukun farko. Ruwan zafi da tausa mai ƙarfi a waɗannan kwanakin ƙara buɗe jijiyoyin jini suke yi, kumburi ya ƙaru. Lokacin ɗumi sai kumburi ya lafa, a sassauta gaɓa da shi kafin atisaye. Ɗaga ƙafa kuma sai ta fi ƙirji tsawo, wato a kwanta a tara filo a ƙarƙashinta. Zama a kujera da ƙafa a kan ɗan tebur an yi ne ba a yi ba. Hutu kwana 1 zuwa 3, daga nan a fara takawa gwargwadon yadda zafi ya bari.

Wajen rage zafin targaɗe, farasitamol da ibufurofen ba su da wata tazara mai yawa. Bambancin na wajen illa. Farasitamol kada babba ya wuce giram 4 a yini, a kuma duba magungunan mura domin da yawansu na ɗauke da shi. Ibufurofen da danginsa ba su dace da mai gyambon ciki, mai ciwon ƙoda, mai shan maganin tsinka jini, mai juna biyu da wasu masu asma ba, ba a kuma haɗa biyu daga cikin dangin a sha tare. Man shafawa na dikulofenak, wanda dangin ibufurofen ne, hanya ce ta tsakiya mai kyau: jijiyar idon sawu dab take da fata, kuma kaɗan ne daga maganin ke shiga jini. Ba a shafa shi a kan rauni buɗaɗɗe.

Abin da ɗauri ba ya yi

Na taɓa yin targaɗe na mataki na biyu, na yi mako uku da bandeji, zafi ya tafi, na ce shi ke nan. Wata uku bayan haka ina tafiya a shimfiɗaɗɗen wuri, ba rami ba dutse, ƙafar ta sake juyawa. Mai gashin ƙashin da na je wurinsa bai ma fara taɓa ƙafar ba. Cewa ya yi in tsaya kusa da bango a kan lafiyayyar ƙafa in rufe ido. Na yi kusan rabin minti. Ya ce in sauya. Ban kai ƙirga biyar ba na dafa bango.

Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba. Jijiyar nan, bayan ɗaure ƙashi, tana ɗauke da wasu ƙananan 'yan rahoto da ke sanar da ƙwaƙwalwa inda ƙafa ta fuskanta a kowane lokaci, ita kuma ta umarci tsokokin gefen ƙwauri su gyara kafin ƙafa ta juya. In jijiya ta yage rahoton sai ya riƙa makara. Zafi na tafiya ya bar wannan makarar, shi ya sa mutane har kashi 40 cikin 100 kan ƙare da ƙafar da ke ta gurɗewa, targaɗe ya zame musu ƙarfen ƙafa.

Hanya biyu ake bi a tare wannan, an kuma gwada su duka a ƙasar Holan. A 2009 an bi 'yan wasa 522 da suka yi targaɗe. Rabinsu sun yi atisayen daidaita tsayuwa a gida na mako 8. Cikin shekara guda kashi 22 cikin 100 na masu atisayen suka sake targaɗe, a ɗaya ɓangaren kashi 33. A 2014 aka gwada atisaye da matallafi a kan 'yan wasa 384. Masu sa matallafi lokacin wasa tsawon shekara, kashi 15 suka sake; masu atisaye kaɗai, kashi 27; waɗanda suka haɗa biyun na mako 8, kashi 19. A filin wasa ke nan matallafi ya yi gaba. Amma kariyarsa na ƙarewa ne daidai lokacin da ka kwance shi, kuma ba da shi za ka shiga banɗaki da tsakar dare ba. Atisaye na ɗaukar makonni kafin a ga amfaninsa, sai dai a jiki yake zama. Ni dai ban ga dalilin zaɓen ɗaya ba: atisaye kullum, matallafi kuma duk lokacin gudu ko wasa na wata 6 zuwa shekara.

Atisayen ba ya buƙatar kayan aiki. A kwanakin farko, kana zaune ka riƙa rubuta haruffa a iska da babban yatsan ƙafa. Da takawa ta samu, ka fuskanci bango, diddige a ƙasa, ka tura gwiwa gaba har ta taɓa bangon, kana ja da ƙafar baya kaɗan-kaɗan. Gaɓar da ba ta lanƙwasa gaba sosai ta fi saurin sake gurɗewa. Sai ɗaga diddige, da ƙafa biyu tukuna, daga baya da ɗaya. Sai tsayuwa a ƙafa ɗaya, wadda ni na haɗa ta da goge haƙora safe da dare domin kada in manta. In ta yi sauƙi a rufe ido, in wannan ma ya yi sauƙi a hau kan filo. Kafin komawa wasa, ka iya tsalle a ƙafar sau 10 ba zafi, ka kuma yi gudu kana zana lamba 8 a ƙasa ba tare da ka ji ƙafar na neman kuɓucewa ba.

Tiyata a ƙarshen layi take. Aikin da aka fi yi, na ɗinke jijiyoyin waje a ɗame su, likitan Suwidin Lennart Broström ne ya bayyana shi a 1966, kuma ana kai wa gare shi ne bayan an yi wata 3 zuwa 6 ana atisaye na gaske ƙafa na ci gaba da gurɗewa. Bayan aikin ma atisayen nan dai za a dawo a yi. Idan kuma mako 6 ya wuce akwai zafi can cikin gaɓa, ko tana maƙalewa, ko kumburi ya ƙi sauka, a koma wurin likita, domin wani lokaci guringuntsin ƙashin tsakiya ne ya ɓantare, kuma hoton ƙashi na farko ba ya cika nuna shi.

Duk abin da na faɗa na ƙafar da ta gurɗe ne. Idon sawun da ya kama ciwo haka kawai, ɗauri ba ya cikin maganinsa sai an san dalili. Gaɓar da ta tashi cikin dare ta yi ja da zafi har mayafi ba ya taɓuwa, sau da yawa ciwon gawut ne, wato taruwar wani sinadari mai kama da gishiri a cikin gaɓa. In da zazzaɓi, ana tsoron ƙwayar cuta ta shiga gaɓar, wannan kuwa na gaggawa ne. Ƙafa biyu su kumbura tare ba ciwo, zuciya da ƙoda da hanta ake dubawa, ko wasu magungunan hawan jini irin su amlodifin. Ƙafa ɗaya ta kumbura har sharaɓa bayan doguwar tafiya ko jinya a kwance, gudan jini ake zargi, kada a yi mata tausa.

Sai agara. Ciwonta na bayan diddige, ya fi tsanani a takun farko da safe, ya sassauta in jiki ya yi ɗumi. Mai shan maganin kashe ƙwayoyin cuta na sifurofuloksasin ko danginsa da ya ji irin wannan ciwon ya tuntuɓi likita a ranar, domin tun 2008 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta sa babban gargaɗi a kansu saboda tsinkewar agara. In ta tsinke, mutum kan ji kamar an harbe shi da ƙafa ta baya, ya waiga bai ga kowa ba. Da yawa kan ɗauka targaɗe ne domin suna iya ɗingisawa. Gwajin likita shi ne mutum ya kwanta rub da ciki, ƙafa na reto a bakin gado, a matse sharaɓa da hannu. Lafiyayyar agara za ta sa tafin ƙafa ya motsa ƙasa. In bai motsa ba, a daina takawa a nufi asibiti, domin ko takalmi mai ɗaga diddige za a sa ko tiyata za a yi, a kwanakin farko ake so a fara, kafin bakin jijiyar biyu su ja da baya su yi nisa da juna.